Kwalba Goma Sha Biyu

Kwalba goma sha biyu na jera a kwali,
zumar Dukku, farar saƙa, ko ɗigon ruwa babu.
Na naɗe kowacce da tsohuwar jarida,
na cusa ɓawon gyaɗa a tsakaninsu har suka daina gulma,
na rubuta a gefe da jan biro: A BI A HANKALI.

Kafin a rufe ciniki manhaja ta tare ni:
za ka sa inshora? Dubu ɗaya da ɗari takwas.
Na dubi kuɗin, kuɗin suka dube ni.
Cefanen yini guda ne fa, har da canjin gishiri.
Na ce Allah ne mai tsarewa,
na danna a'a da babban yatsa,
ban tsaya na binciki muryar ba,
ta tawakkali ce, ko rowa ce ta ari rigarsa.

A tasha Ɗan'azumi ya jinjina kwalin da hannu ɗaya,
ya ce je ka ka yi barci, kayanka kayana ne.
Na juya kafin a fara lodi.
Wannan juyawar nake ta tunawa.

Kwana uku ina kiwon kwali ta waya.
Ya bar Gombe. Ya kwana Jos.
Ya ƙetare gadar Makurɗi da asuba.
Rana ta huɗu hoto ya shigo daga Fatakwal:
kwali ya yi sharkaf, bakinsa a wangale,
jaridar ta manne da gilashi,
kiyashin garin da ban taɓa takawa ba
sun yi sahu suna walima da jarina.

Matar ba ta zage ni ba.
Ta ce uwarta ce ke tari, don ita ta saya.
Kuɗinta da ma suna hannun manhaja, ajiyar amana,
kafin la'asar sun koma inda suka fito.
Ban ga laifinta ba.
Zuma ta biya, ba ta biya fasassun kwalabe ba.

Na kira Ɗan'azumi.
Ya ce ramin bayan Lafiya ne, kowa ya san shi,
ya ce sai haƙuri, ya ce yana tuƙi.
Na juya bayan rasit, ga ƙananan baƙaƙe kamar kwarkwata:
abin da ya sami kaya, na mai kaya ne.
Mai saye da rumfarta, direba da takardarsa,
ni kaɗai aka bari a filin Allah,
kuma ni da yatsana na mayar da laimar da aka miƙo mini.

Ranar kasuwa na tafi wajen Bappa Jungudo,
don zumar bashi ce, rabi kawai na biya.
Na tarar da shi idonsa ɗaya a kumbure,
aikin daren jiya a kan kirya.
Na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo.
Ya ce kiyashi ma bayin Allah ne, sun ci rabonsu.
Can ya ce, bara wutar daji ta lashe mini amya bakwai,
ni wa zan tura wa hoto?
Bai yafe bashin ba. Ya ƙara mini wata guda,
ya sake cika mini jarka.

Yau ga wani ciniki, kwalba shida zuwa Ilori.
Na koma roba, na ninka ɓawon gyaɗa.
Tambayar ta sake tare ni a ƙofa,
farashinta ma ya hau da ɗari biyu.
Na danna e.
Na tofa wa kwalin abin da na iya na addu'a,
na kai shi tasha da kaina,
na tsaya cikin rana, ɗan kamasho yana harara ta,
har sai da na ga inda aka ɗora buhun wake.